Farauta da Sababbin Bindigogi Masu Ƙirar Da: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka akwai maharban da ke da kuɗin sayen bindigar zamani mai madubin hangen nesa, amma idan kaka ta yi sai su rataya bindiga mai harsashi ɗaya tal, mai tuƙa farin hayaƙi, irin wadda sojoji suka ajiye tun kafin 1900. Bindigar sabuwa ce fil, ƙirarta ce kawai ta kakanni. Ga amsoshin tambayoyin da mai karatu zai iya yi a kan wannan al'ada.

Wace irin bindiga ake magana a kai?

Gida biyu ne. Na farko shi ne na bindigogin da ake yi wa ɗuri ta baki: a zuba albarushi, a ɗora dunƙulen dalma a kan ɗan ƙyalle mai maiƙo, a danna da sanda har ƙasa. A cikinsu akwai doguwar nan da ake kira Kentucky, wadda a gaskiya maƙeran Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa yankin Lancaster na jihar Pennsylvania ne suka fito da ita a ƙarni na 18. Akwai kuma Hawken, gajeriya mai kauri, wadda 'yan'uwa biyu, Jacob da Samuel Hawken, suka riƙa ƙerawa a birnin St. Louis tun daga shekarun 1820 domin masu neman fatu a duwatsun yamma. Wasu da dutsen ƙyastu suke kama wuta, wasu kuma da 'yar hular tagulla da guduma ke faɗa wa.

Gida na biyu shi ne na waɗanda ake buɗe wa gindi a zura kwanso guda, mai ɗauke da albarushi da harsashi a haɗe. Nan ake samun Sharps samfurin 1874, da Remington Rolling Block, da Springfield Trapdoor ta sojan Amurka samfurin 1873, da Winchester 1885 wadda John Browning ya zana. Dukkansu harbi ɗaya suke yi, sai a buɗe, a fitar da kwanso, a sa wani.

Remington ɗin nan ma ta taɓa zuwa kusa da mu. Da ita sojan Masar ke yaƙi a wancan zamani, kuma da dakarun Mahadi suka murƙushe rundunar Masar da Baturen Ingila Hicks Pasha ke jagoranta kusa da El Obeid ta ƙasar Sudan a 1883, dubbanta suka faɗa hannunsu a matsayin ganima.

To, ashe ba adaka ba ce kawai aka yi mata kwalliya?

Danginta ce, amma ba ita ba ce. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar Sarki ranar hawan Sallah ya san ƙarar, ya san hayaƙin da warin farar wuta. Baƙin albarushin nan guda ne: gawayi, farar wuta da gishirin potasiyam naitiret. Bambancin yana cikin bututu.

Cikin bututun adaka sumul yake, saboda haka duk abin da aka ɗura yana fita ne yana tangaɗi, kuma da an wuce 'yan taku kaɗan sai sa'a. Waɗannan kuwa an yi wa cikinsu murɗaɗɗen tsagi da ke sa harsashi ya fita yana juyawa a kan kansa, kuma juyin ne ke riƙe shi a kan hanya. Har ma ana auna murɗin gwargwadon harsashin da za a harba. Na dunƙulen dalma a hankali yake, zagaye ɗaya cikin inci 66. Na dogon harsashin Sharps ya fi sauri sosai, kusan zagaye ɗaya cikin inci 18. Hawken da yawa na kasuwa an tsaya musu a tsakiya, inci 48, don su ɗan iya ɗaukar kowanne.

Bambanci na biyu shi ne ƙarfe. Bututun waɗannan daga ƙarfen masana'anta ake huda shi, kuma a Italiya doka ta hana sayar da bindiga sai hukumar gwaji ta ƙasa ta harba ta da ɗurin da ya wuce na yau da kullum, ta buga mata hatimi. Adakar maƙerin ƙauye sau da yawa daga bututun da aka tsinta ake haɗa ta, gwajinta kuma a hannun mai ita ake yi. Yatsun maharba da yawa sun tafi a haka.

Su wa ke ƙera su, kuma yaushe aka koma yin su?

Abin mamaki, yawancin waɗannan bindigogi na tarihin Amurka a Italiya ake yin su. Garin Gardone Val Trompia da ke lardin Brescia ya daɗe yana ƙira, nan ne gidan Beretta yake tun ƙarni na 16, kuma nan Davide Pedersoli ya buɗe masana'antarsa a 1957. A daidai wannan lokaci 'yan kasuwar Amurka irin su Val Forgett na kamfanin Navy Arms suka hango cewa bikin cika shekara 100 da yaƙin basasar ƙasarsu, daga 1961 zuwa 1965, zai sa mutane neman tsofaffin bindigogi, alhali na asalin sun yi tsada kuma sun tsufa. Sai suka kai samfur wa maƙeran Italiya.

A 1970 kamfanin Thompson/Center ya fitar da tasa Hawken ɗin a farashin da ma'aikaci zai iya saya, kuma ita ce ta shigar da abin cikin gidajen talakawan maharba. Masu son Sharps ta ƙasaita kuwa garin Big Timber na jihar Montana suke nufa, inda kamfanoni biyu, Shiloh da C. Sharps Arms, ke yin ta da odar mai saye. Mutum kan biya kafin alƙalami ya zauna jira. Akwai kuma ƙungiyar masu harbi da bindigar ɗuri ta baki da aka kafa tun 1933, mai filin gasa a Friendship ta jihar Indiana, wadda ta riƙe sana'ar a shekarun da ba kowa ke kula ta ba.

Me zai sa mai hankali ya bar bindigar zamani ya ɗauki wannan?

Nan ne zancen yake. Bindigar zamani mai madubi ta mayar da farauta aikin ido da yatsa. Mutum zai iya zama a kan tudu ya kayar da barewa daga mita 300, ba ta ji warinsa ba, ba ta san da shi ba, in ya kuskure kuma akwai harsashi huɗu suna jira. Mai Hawken ba shi da wannan gatan. Dole ya matso. Dole ya san ta ina iska ke kaɗawa, ya san inda dabba ke kwana da inda take shan ruwa, ya iya taka busasshen ganye ba tare da ya tona kansa ba. Idan ya isa, harbi ɗaya gare shi, kuma da ya ja kunama hayaƙi zai rufe masa gaba na ɗan lokaci, ba zai ma ga abin da ya faru ba sai ya washe.

Saboda haka yakan ƙyale dabbobi da yawa su wuce. Wannan ta tsaya a karkace, waccan ta yi nisa, wata kuma akwai reshe a tsakani. Mutum na iya yin mako a daji ya dawo da ɗurin da ya fita da shi. Masu wannan farauta ba sa ɗaukar hakan asara, domin abin da suka je saye ke nan: bindigar da za ta tilasta musu koyon abin da na'ura ta ɗauke wa sauran maharba. A ganina tsohon maharbin ƙasar Hausa, wanda ke bin sawu tun asuba yana lallaɓe har ya ji numfashin dabba, zai fi fahimtar Ba'amurken nan fiye da maƙwabcinsa mai madubi.

Akwai masu son tarihi ma, waɗanda ke ɗinka rigar fata su narka harsashinsu da kansu. Akwai kuma masu dalili na lissafi zalla, wanda tambaya ta gaba ta shafa.

Gaskiya ne ana ware musu lokacin farauta nasu daban?

Gaskiya ne. A Amurka kowace jiha ke tsara dokar farautarta, kuma kusan dukkansu sun ware kwanaki ga masu ɗuri ta baki, ban da lokacin kowa da kowa. Daji ya fi shiru a lokacin, maharba sun ragu. Pennsylvania tun 1974 take da lokacin da ba a shiga sai da bindigar dutsen ƙyastu, yana farawa bayan Kirsimeti, cikin tsananin sanyi. Colorado ta hana ɗora madubi a lokacin nata. Sharps da 'yan'uwanta masu kwanso galibi ba sa shiga wannan rangwame, sai dai a jihohi irin su Mississippi da Louisiana da suka yarda da bindiga mai harsashi ɗaya idan gudumarta a waje take.

Rangwamen ne ya haifi rigima. A 1985 wani mai suna Tony Knight ya fitar da bindigar da ake yi wa ɗuri ta baki, amma duk sauran jikinta na zamani ne. Daga nan aka samu masu madubi, masu gindin roba, masu albarushi dunƙule-dunƙule, suna harbin mita 200 hankali kwance. A takarda sun cika sharaɗi. Masu bin tsohuwar hanya na ganin an shigo musu ta taga, kuma ina ganin suna da gaskiya: an ba da ƙarin kwanakin ne saboda makamin yana da rauni, in an cire raunin me ya rage? Su kuma waɗancan suna cewa harbin da ya fi daidai ya fi jin ƙan dabba. Wannan ma magana ce, ba a watsar da ita.

Nawa ne nisan da suke kaiwa?

A raba tsakanin inda harsashi ke iya zuwa da inda ya dace a harbi mai rai.

Dunƙulen dalma na kaliba .50, wato mai faɗin kusan rabin inci, nauyinsa bai wuce giram 12 ba, kuma da yake zagayayye ne iska na cinye gudunsa da wuri. Yawancin masu amfani da shi ba sa wuce yadi 100 a kan barewa, da yawa ma a yadi 50 zuwa 70 suke tsayawa.

Kwanson .45-70 wani abu ne daban. Lambobin na nufin faɗin harsashi kashi 45 cikin 100 na inci, da albarushi giren 70, wato kimanin giram 4.5. Harsashinsa na asali giren 405 ne, kusan giram 26, yana fita da gudun mita 400 a daƙiƙa, rabin gudun na zamani ke nan ko ƙasa da haka. Nauyinsa na sa ya huda sosai, amma tafiyarsa a lanƙwashe take. Idan an daidaita saiti a yadi 100, kafin ya kai yadi 200 ya sauka da kusan ƙafa biyu. Wanda ya yi kuskuren ƙiyasin nisa da yadi 30 zai iya karya wa dabba ƙafa maimakon ya sami huhu.

Kullum sai an kawo labarin Billy Dixon, maharbin ɓauna da aka ce ya kayar da mahayi daga yadi 1,538 da Sharps a faɗan Adobe Walls na Texas a 1874. Shi kansa Dixon ya ɗauki harbin a matsayin sa'a. A filin gasa ana harbin allo da waɗannan bindigogi har yadi 1,000, amma allo an auna nisansa, kuma ba ya gudu da rauni.

Idan aka kuskure, minti nawa kafin a sake harbi?

Mai Sharps daƙiƙoƙi kaɗan. Mai ɗuri ta baki, in ya ƙware kuma hannunsa bai daskare ba, rabin minti zuwa minti guda. Barewa ba ta jira.

Ruwan sama fa?

Shi ne babban abokin gaba, musamman ga mai dutsen ƙyastu, wanda ɗan albarushin kunna wutarsa a wani ɗan kasko yake a gefen bindiga. Laima kaɗan ta isa ta kashe shi. Maharba kan rufe wurin da fata mai maiƙo, su riƙa canza albarushin kaskon a kai a kai, su toshe bakin bindiga da ɗan salatif wanda iskar harbi ke turewa da kanta. Duk da haka akan ja kunama a ji ƙyas, shiru.

Wannan shirun yana da haɗari. Wani lokaci wutar ta kama, tana ci ne a hankali, sai bayan daƙiƙoƙi bindiga ta tashi. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da nuna bakinta inda aka nufa har minti guda kafin a taɓa komai. Wanda ya juyo da ita don ya leƙa ya ga abin da ya hana ta tashi, Allah ya kiyaye.

Mene ne kuskuren da ya fi kashe mutane?

Zuba albarushin zamani marar hayaƙi a bindigar da aka yi don baƙin albarushi. Tun da Bafaranshe Paul Vieille ya fito da marar hayaƙin a 1884 duniya ta koma kansa, domin ƙarfinsa ya ninka na da sau da yawa. Wannan ƙarfin ne ke tarwatsa bututun ɗuri ta baki a fuskar mai shi. Kala ba hujja ba ce, domin marar hayaƙin ma yakan zo baƙi. Abin da aka rubuta a jikin gwangwani shi ne abin dubawa. Waɗanda aka yarda su maye gurbin baƙin albarushi su ne irin Pyrodex da Triple Seven, waɗanda aka yi musamman don haka.

Sauran kura-kuran sanannu ne. Barin fili tsakanin albarushi da harsashi na iya kumbura bututu ko ya fasa shi, don haka ake danna harsashi har ya zauna daram. Yin ɗuri biyu a kan juna cikin ruɗu yana faruwa, shi ya sa ake yi wa sandar ɗuri zane a inda take tsayawa idan ɗuri ɗaya ne a ciki. Ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bututu, sai an auna a ma'auni daban, domin in akwai sauran tartsatsi a ciki gorar ce za ta tashi a hannu. Masu kwanso kuma su sani ba kowace .45-70 ce ƙarfinta ɗaya ba. Trapdoor, ko sabuwa ce, makullinta mai rauni ne, kuma akwai harsasan kasuwa masu lamba ɗaya da aka yi wa bindigogin da suka fi ta ƙwari nesa ba kusa ba.

Suna kashe dabba nan take, ko wahalar da ita kawai suke yi?

Tarihi ya amsa wannan da amsa mai ɗaci. Ɓaunan Amurka sun kai miliyoyi masu yawa a farkon ƙarni na 19. Zuwa ƙarshen shekarun 1880 abin da ya rage bai fi kimanin dubu ɗaya ba. Sharps da Remington na cikin manyan makaman da masu neman fata suka yi wannan ɓarna da su, a kan dabbar da namijinta ke kai kilo 900. Bindigar da ta yi haka ba za ta gaza barewa ba. Harsashi mai faɗin rabin inci da ya ratsa huhu biyu yana gama aiki cikin daƙiƙoƙi. Inda ake samun wahalarwa shi ne harbin nesa da harbin gaggawa, laifin kuma na mai riƙe da ita ne.

Wannan tarihin ne ya sa farautar yau a can take ɗaure da lasisi, da lokaci, da adadin da aka yarda mutum ya kashe. Tun 1937 akwai dokar Pittman-Robertson da ke karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa kula da namun daji.

Dalmar harsashin ba ta cutar da mai cin naman?

Tana iya yi. Dalma guba ce, kuma mutanen Zamfara sun ga abin da ta yi wa ɗaruruwan yara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Harsashi mai tafiya a hankali bai cika farfashewa kamar na zamani ba, amma duk da haka ana yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar. Jihar California ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019, saboda manyan ungulayenta da ke mutuwa bayan cin ragowar abin da maharba suka bari. Masu narka harsashi a gida kuma a fili suke yi, nesa da yara da tukunyar abinci.

Naman da aka harba da irin wannan ya halatta?

Malaman Malikiyya na baya-baya sun halatta abin da aka farauta da harsashin dalma, saboda yana hudawa yana zubar da jini, muddin dabbar daji ce mai halal, maharbin wanda yankansa ke ciyuwa ne, kuma ya ambaci sunan Allah lokacin harbi. Idan ya iske ta da sauran rai, sai ya yanka. Ga cikakkun sharuɗɗa a tuntuɓi malami.

Ɗan Najeriya zai iya sayo ɗaya?

Kada a ruɗu da abin da ake gani a intanet. A dokar tarayyar Amurka ta 1968 ba a lissafa yawancin bindigogin ɗuri ta baki na tsohuwar ƙira cikin waɗanda ke buƙatar takardun dillali, shi ya sa ake ganin ana aika su ta gidan waya a jihohi da dama. Wannan sassaucin bai haɗa da Sharps mai kwanso ba ko a can, kuma bai ƙetare iyakar ƙasarsu ba.

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa, na amfanin kai, waɗanda ke ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, da na ɗuri ta baki irin adaka, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke lura da su. Shigo da kowace irin bindiga ko albarushi ba tare da izini ba babban laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma a halin tsaron da ake ciki babu jami'in da zai saurari bayanin cewa ta tarihi ce. Ga kuma dokar namun daji: wurare irin Yankari an hana farauta a cikinsu da kowane makami.

An ce wanke ta ya fi harba ta wahala. Haka ne?

Haka ne, kuma nan ne masu ɗoki ke sarewa. Fiye da rabin baƙin albarushi ba ya zama iska idan ya ƙone, yana zama toka da dauɗa a cikin bututu. Dauɗar na jan laima, tana ɗauke da gishiri, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu tsatsa ta fara cin tsagin da aka biya kuɗi dominsa. Ko a fili ma, bayan harbi kaɗan ɗuri kan fara tauri sai an goge. Masu Sharps a wurin gasa har ɗan bututu suke riƙewa suna hura numfashi a ciki don dauɗar ta yi laushi.

Saboda haka ranar da aka yi harbi, ranar ake wanki, komai dare komai gajiya. Man goge bindigar zamani ba ya narkar da wannan gishirin, ruwa ne ke yi. Akan cire bututun Hawken a tsoma gindinsa a bokitin ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a riƙa zuƙo ruwan da ƙyalle a kan sanda har ya fito fari, a busar sarai, sannan a shafa mai. Masu kwanso su ma sai sun jiƙa kwansunan tagullar a ruwan sabulu, in ba haka ba su yi kore su lalace. Kafin ɗuri na gaba kuma sai an goge man nan tas, a fasa hula ɗaya ko biyu a bindiga ba ɗuri don hanyar wuta ta buɗe, domin ɗigon mai guda a wurin ya isa ya hana ta tashi ranar da barewa ta tsaya a yadi 40.